Kumburin Auta

Marin da ya sauka sai da kwalaben jini suka yi rawa a kan teburi.

"Yaya, sake shi! Don Allah, Yaya!"

Auta ta faɗo ɗakin gwajin jini ko takalmi babu. Ta tarar yayanta ya shaƙe wuyan farar rigar Dogo, yana buga shi da bango kamar mai kakkaɓe tabarma.

Dogo shi ne mai gwajin. Shi ne kuma mai zaryar ƙofar gidansu, Yaya na korarsa, wai shi ba ya ba da ƙanwarsa ga mai wasa da jinin mutane.

"Kai ka kumbura ta, ɗan iska!"

To, ku matso ku ji tushen. Auta ta daɗe tana fama da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, har almakashi ya gagare ta a shagon ɗinkinta. Likita ya tura ta gwaji. Da safen nan Dogo ya kira tana wanka, matar Yaya ta ɗaga wayar ta kasa kunne, shi kuwa ya ɗauka Auta ce.

"Masoyiya, jininki ya nuna kumburi, kuma ya yi nisa. Kar ki gaya wa Inna tukuna, zo mu sake ɗiba."

Ita kuwa baiwar Allah dama ƙaninta take wa tanadin Auta. Kafin yarinya ta fito wanka, kumburi ya zama ciki a kunnen Yaya, har da watanninsa!

"Ciwo ne..." Dogo ya tofar da jini. "Kumburin ciwo..."

Ina! Yaya ya suri kujerar ƙarfe. Dogo ya kare da hannun dama.

Ƙas!

Auta ta ji ƙarar yatsun nan har cikin haƙoranta. Ta ruƙunƙume ƙugun Yaya, ya watsar da ita, ta zube cikin fasassun kwalabe. Ta yunƙura ta tashi, gwiwa ta ce ba da ni ba.

Sai ta yaye zanenta zuwa gwiwa.

"Ga cikin! Duba shi da kyau!"

Gwiwoyin sun yi suntum, sun yi ja, har sheƙi suke.

"Ga wani a yatsuna! Kullum da dafa bango nake wuce ka a tsakar gida, ka taɓa cewa Auta me ya same ki? Shi ya tambaya!"

Kujerar ta suɓuce daga hannun Yaya.

Dogo ya ja jiki ya matso, hannu na reto. "Zuciyata, yau likita ke son sakamakon, in an makara ciwon zai ci gaɓoɓin." Ya miƙa wa Yaya igiyar roba. "Ɗaure mata dantse."

Ƙaton nan ya durƙusa cikin kwalabe ya ɗaure.

Da hagu Dogo ya nemo jijiyar, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Auta ko ƙiftawa ba ta yi ba.

"Riƙe da kyau, Yaya," ta ce. "Riƙon ƙarshe ne. Daga yau hannun nan nasa ne, ka so ko ka ƙi."

Jini ya fara hawa sirinji.

"Ka turo manyanka," Yaya ya ce, bai ɗago ba. "Amma ka bari bakinka ya sace tukuna... kar Inna ta tambayi wanda ya yi maka."