Tazarar da Horia Ya Bari

Ranar da Horia ya fara ganin Ilinca, yana zaune a bakin kwana ta bakwai ta hanyar da ke gangarowa daga dutse zuwa ƙauyen su Ilinca. Katakon tserensa, irin mai taya huɗu da ake tsayawa a kai a gangaro, na kife a cinya, sifana a hannu, tayoyi goma sha shida baje a ciyawa. Minti ashirin ke nan yana kallonsu.

Kowace taya da lambarta. Ƙaramar lamba taushi, ta kama kwalta gam. Babba tauri, ta zame. Katakon kuwa ba shi da birki, mai son tsayawa sai ya gicciye shi, tayoyi su kankari hanya har gudu ya mutu. Ita kuma wannan hanya samanta tsohuwar kwalta ce mai kaushi, ƙasanta sabuwa sumul. Duk wadda ya ɗaura, a rabin hanya sai ta ci amanarsa.

Sai ga yarinya ta ɓullo daga kwana, ta gicciye katako, ta tsaya daidai ƙafarsa. Ta ɗaga gilashin hular kwano.

"Mai shago, an buɗe ne ko sai an jima?"

Ya ce ba sayarwa yake ba, zaɓa yake. Ta ce tun yaushe? Ya ce tun bara. Dariyar da ta yi ita ta ƙarasa ɗan hankalin da tayoyi suka rage masa.

Ita taya mai lamba saba'in da takwas take hawa, ko zafi ko sanyi, ba ta taɓa tunanin wata ba.

Daga nan duk Asabar sai ya bar kantin maganin da yake aiki a birnin Cluj ya hau dutse. Sauran kwanakin waya ce.

"Tsuntsuwata, an ce gobe akwai rana. Tamanin ko tamanin da uku?"

"Mai shagona, gaisuwa ake fara yi. Ka ci abinci? Na yi kewarka, kai da jakar tayoyinka."

A wurin masu wannan wasa, wanda kake so shi kake bi kurkusa, har ka iya dafa bayansa a miƙaƙƙiyar hanya. Ba a furtawa, amma kowa ya sani. Horia mita arba'in yake bari tsakaninsa da ita. Wanda ke manne da bayanta shi ne Codrin, siririn malamin motsa jiki, mutumin da bai taɓa shakkar komai ba saboda bai taɓa tunanin komai ba.

Da ta kai shi gida abin bai yi daɗi ba. Mahaifinta, Nea Gligor, shekara talatin da ɗaya ya yi yana shimfiɗa kwalta. Sabon rabin hanyar ma shi ya daɓe shi kafin ya ajiye aiki. Aka kawo tuwon masara da cuku. Tsohon ya tambayi baƙo me zai sha, palinka, barasarsu ta gida, ko ruwan inabi. Horia ya dubi wannan kwalba, ya dubi waccan, har tuwo ya fara hucewa.

Bayan ya tafi Nea Gligor ya ce shi dai bai ga miji a nan ba. Wanda ya kasa zaɓar taya ya kasa zaɓar kofi, ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi yana nan tsaye a ƙofa yana tunani.

Kwana uku bayan haka saƙonta ya shigo.

"Horia, ka gaya mini gaskiya. A gari kana riƙe hannuna, a dutse kana guduna. Codrin ya ce zai turo iyayensa bayan Ista. Ban ce masa e ba. Ban kuma ce a'a ba, don ban san me zan ce ina jira ba."

Sau bakwai yana rubuta amsa yana gogewa. Wadda ya tura ita ce: "Ina kan aunawa."

Ba ta amsa ba. Littattafai cike suke da mazan da yaƙi ko talauci ya raba da mata. Ba a cika rubuta waɗanda kalma uku suka kashe ba, alhali sun fi yawa.

Ranar Laraba da hantsi Nea Gligor ya fita duba hanyarsa, kamar yadda ya saba duk da ba wanda ya aike shi. A kwana ta bakwai ya tarar da Horia, wanda ya kamata a ce yana kanti, durƙushe da tef ɗin awo da alli, yana bin fararen layukan da tayoyi ke bari idan an gicciye katako.

"Kai yaro, me kake yi wa kwaltata?"

"Nea Gligor, wannan layin nata ne. Mita tara take tsayawa. Wannan nawa ne da irin tayarta, goma sha uku. Da tamanin, goma sha biyar. Na gwada saba'in da biyar, ta kama hanya ta wurgar da ni cikin ciyawa." Ya share goshi. "Kilo casa'in da biyar gare ni, ita da ƙyar ta kai hamsin. In na matso ta tsaya, ta kanta zan bi. Na rasa lambar."

Tsohon ya daɗe yana kallon layukan. Ya tambaya ko ya gaya mata haka. Horia ya ce a'a, so yake ya samo amsar tukuna.

"Ka taɓa ganin tifa cike da tsakuwa ta manne wa ƙaramar mota a gangare? Mai nauyi gaba yake shiga, sakarai." Ya sunkuya ya ɗora tafinsa a kan kwalta. "Ta yi ɗumi. Sa ta tsakiyar, irin tata, ka mai da sauran gida."

Asabar Horia ya zo da taya huɗu kacal. Ilinca ta gyara safar hannunta ba ta dube shi ba. Ta ce babanta ya ba ta labarin wani mahaukaci da alli.

"Tsuntsuwata, yau ki biyo ni."

"Ka san ban huce ba?"

"Na sani."

Ashe gaba ya fi baya ruɗani. Can yana ganinta ko daga nesa. Nan ba ya ganin kowa, iska kuma ta toshe masa kunne. Kwana ta ɗaya, ta biyu, ta biyar, bai san ko tana nan ba, ko ta tsaya a sama tana hira da Codrin. Waiwaye a wannan gudu kuwa asibiti ne. Ya gicciye a kwana ta bakwai, ya miƙe, ya hau sabuwar kwalta. Sai ya ji ƙaramin tafi ya sauka a gadon bayansa, ya zauna, bai ɗaga ba har ƙauye.

Codrin bai turo kowa ba. Kafin Ista ya sami wata ya manne mata.

A watan Satumba aka ɗaura auren a cocin katako na ƙauyen, aka ɗora musu kambi, aka zagaya da su teburi sau uku. A wajen walima Nea Gligor ya miƙe da kofinsa, ya yi musu addu'ar da ake yi wa kowane ango da amarya: Allah ya ba su gidan dutse, wato aure mai ƙarko. Jama'a suka amsa.

Dutse yakan fi masu gidan daɗewa, amma ba a faɗin wannan ranar biki. Allah ya sa su tsufa a cikinsa tare, kada ɗaya ya kwana da yawa yana jin motsin kansa shi kaɗai.