Tutar Ƙyallaye

A shekara ta biyu ta sarautar Mai Sanyin Murya, ƙarshen damina, lokacin da hatsi ya fara sunkuyar da kai a gonakin da ba mai zuwa girbi, aka rufe ƙofofin birnin duka huɗu. Masu tarihi kan tsaya su jero kakannin sarkin nan har goma sha biyu. Mu dai mu wuce, ga abin da ya faru.

Wansa, Yarima, bai yarda da naɗin ba. Ya fice da rabin mayaƙan gari, Madawaki ya ci amana ya miƙa masa tsohuwar tutar yaƙi, suka kafa sansani a bakin ganuwa. Ayari ya daina shigowa, rumbuna suka fara nuna gindi. Mayaƙan da suka rage kuwa suka ce ba mai taka ƙofa ba tuta a gabansa.

A gidan da ke ɗinka tutar sarauta mace ɗaya ta rage, ana ce mata Mai Allura. Ƙa'idar aikin biyu ce: tuta ta zo da alamar da ido bai taɓa gani ba, mai ɗinkin kuma a kulle shi a ɗakin da ba taga har ya gama.

"Sarki ya ba ki kwana bakwai," in ji Waziri. "Ranar ta takwas, ko mu fita da tuta, ko yunwa ta buɗe musu ƙofa."

"Allah ya ja zamanin sarki. Ranka ya daɗe, zaren alharini fa? Ayari bai shigo ba."

"Ga farar saƙa. Sauran kanki ya ba ki."

Aka ja ƙofa, aka sa sakata.

Kwana uku tana zaune ita da fitila. Ta tuna zaki, ubanta ya riga ta. Ta tuna takobi, na kakanta ne. Farar saƙar nan ta yi ta faɗi a idonta har ta koma kamar tafki, ta ji kamar ta tsoma ƙafa. Duk sanda ta ɗaga allura kuma, sai fuskar autanta ta taso daga cikin tafkin, don shi ma yana waje, cikin masu mashin Yarima. Tutar da za ta ɗinka ita za ta ja kibau zuwa ƙirjinsa.

Gwaggonta ce ke kawo mata abinci. Ranar ta huɗu tsohuwar ta leƙa, ta ga saƙa fara fat.

"Ke 'yar nan, kwana uku ƙuda kike kora?"

"Gwaggo, kaina ya bushe ƙaf."

"Yo ina zai jiƙe? Ubanki, Allah ya jiƙansa, kafin a kulle shi sai ya yi wata guda yana gantali a gari kamar akuyar da ta tsinke igiya. Ba a ɗakin nan yake samowa ba, zubewa kawai yake zuwa yi. Su waɗannan masu manyan rawunan sun tuna sakata, sun manta yawon."

Mai Allura ta aika a roƙi Waziri yini ɗaya a waje. Ya ce ba a taɓa yi ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba a taɓa aika tulu gida ba a kai shi rijiya ba." Magana ta kai kunnen sarki, ya ce a bar ta, dogari ya bi ta.

Garin ya yi tsit, kamar wanda ake mafarkinsa. A marina ba kowa, sararin sama ya kwanta cikin ramukan shuni, gajimare na ratsawa a hankali. Maƙera sun tafi sun bar toka mai ɗumi. A bakin rijiya mata na jan guga suna hira ƙasa-ƙasa, wannan mijinta na ciki ƙanenta na waje, waccan ɗa ɗaya a kan ganuwa, ɗaya a ƙarƙashinta. Zannuwan da suka shanya suna kaɗawa, kowanne da irin kodewarsa.

A gindin ganuwa ta tsaya. Wani ɗan tsuntsu na saƙa sheƙa a cikin tsaga. Ya tashi ya haye sansanin Yarima, ba wanda ya tambaye shi na wane ne, ya dawo da jan zare a baki. Ya sauka cikin gari, ya dawo da shuɗi. Sheƙar nan ba launin da babu, kuma ba zare ɗaya da ya zo sabo.

Dogari ya yi gyaran murya. "Inna, rana na tafiya fa."

"Bar ta ta tafi, ɗan nan. Na samu."

Gida gida ta bi tana sallama. "Ƙyalle nake roƙo, kamu ɗaya. Ba sabo ba. Wanda ɗanki zai gane ko daga barci ya tashi." Wata ta yage gefen kallabinta, wata ta ba da zanen da ta yi shekara ashirin tana daka da shi. Tsohuwar jakadiyar fada ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da wani koren ƙyalle a naɗe. Ita kuma Mai Allura ta yanko majanyin da ta goyi autanta da shi, mai ratsin shuɗi da ƙunar garwashi a kusurwa. Ta koma ɗaki, da bakinta ta ce a sa sakata.

Ranar ta bakwai aka warware tutar a gaban fada. Galadima ya tuntsire da dariya.

"Wannan tuta ce ko bargon mahaukaci?"

Sarki bai yi dariya ba. Idonsa na kan koren ƙyallen da ke tsakiya.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Jakadiya, ranka ya daɗe. Mayafin marigayiya ne, wadda ta haife ku, kai da Yarima."

Sarki ya shafa ƙyallen da hannunsa. Sannan ya ce a ɗaura ta a doguwar gora.

Washegari da hantsi aka buɗe ƙofa. Rundunonin biyu suka matso har tsakaninsu bai fi jifan dutse ba, 'yan baka suka ɗana. Sai iska ta taso ta buɗe tutar gaba ɗaya. Mai Allura na kan ganuwa, ta ji wani ƙato daga cikin na waje ya ce, "Kai! Wallahi kallabin innata ne!" Wani ya ce, "Ga zanen matata can!" Bakuna suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Wani dogo ya ajiye mashinsa a ƙasa, ya tako yana kallon kusurwar da ke da ƙuna, sannan ya ɗaga kai yana neman ta cikin matan da ke sama. Autanta ne. Hannu kawai ta ɗaga, allurar na nan a bakin zanenta.

Abin da aka riƙe a tarihi shi ne, ba a zubar da jini ba ranar. Yarima ya tsaya yana kallon koren ƙyallen har inuwa ta juya, sannan ya kafe tsohuwar tuta a ƙasa, ya yi gabas da mutum arba'in. Wasu sun ce ya dawo da furfura, ƙanensa ya tarye shi a ƙofa. Tun daga lokacin kuma ba a sake kulle mai ɗinkin tuta ba sai ya yi yawonsa ya ƙoshi.

Haka mulki yake. Sarakuna biyu sun tara mashi da kibau don su yanke wa gari hukunci, ashe Allah ya riga ya ajiye hukuncin a bakin ɗan tsuntsu da tsummokaran mata. Sunan Galadiman nan ya ɓace, na Madawaki ma haka. Amma an ce tutar ta yi ta kodewa a zauren fada shekaru masu yawa, tsofaffi na kawo jikoki suna nuna musu da yatsa: ga namu nan.