Sunan da Malam Maiwada Bai Faɗa Ba

Ranar kasuwar Makarfi da hantsi, Malam Maiwada ya miƙa wa Radiyya mai POS katinsa don ya ciri kuɗin taki. Sau uku tana soka katin, sannan ta ɗago kai a sanyaye.

"Baba, babu komai a ciki."

Kuɗin mazarƙwailar shekara guda ke nan, tun daga saran rake har dahuwa. Kafin la'asar dattijon ya koma Nasarawan Doya, ya taso ƙeyar babban ɗansa Shamsuddeen har ofishin 'yan sanda. A bainar jama'a ya ce in ta tabbata shi ne, to ya nemi wani uban.

Allah ya sa Sufeto Zaituna ce a kan aiki. Mace ce 'yar siririya, ba ta da hayaniya, ba a taɓa jin ta daki tebur ba. Amma wallahi in ta zuba maka ido tana saurare, sai ka faɗi abin da kai kanka ka manta ka sani. Ta ba dattijon kujera da ruwa, ta gaishe shi a tsanake, ta tambayi gida da gona.

"Baba, me ya sa ka ce shi ne?"

"Yaron nan ne ya kai ni banki. Shi ya san lambobina. Kwanan baya ya nemi in saya masa babur, na hana."

"Wani ya kira ka a waya?"

Ashe an kira shi ran Lahadi. Wani ne mai ladabi, ya ce daga banki yake, za a rufe asusun in ba a sabunta ba. Ya karanto masa lambar katin ɗan ƙasa da ranar haihuwa, duk daidai. Daga nan ya ce a faɗa masa lambobin bayan katin banki da wasu shida da za su shigo ta saƙo. Maiwada ya faɗa.

"Abokinsa ya sa ya kira ni," in ji shi. "In ba na gida ba, wa ya san duk wannan?"

"Maimaita mini maganarsa, Baba. Kada ka tsallake komai."

"Ya ce, kai ne Maiwada na Nasarawan Doya? Na ce ni ne. Ya ce, babban ɗanka Ikrama? Na ce haka ne."

Zaituna ta ajiye biro. "Wane ne Ikrama?"

"Ƙanen wannan."

"To me ya hana ka gyara masa?"

Dattijon ya kawar da kai. Ita ma ba ta matsa ba, don ta gane. Mutumin da ya tashi da alkunya irin ta da ba ya kama sunan ɗan fari, ko da wuƙa a wuya. Tun shigowarsa ma "yaron nan" kawai yake cewa.

Ta sa aka fito da Shamsuddeen, idanunsa sun yi jawur.

"Da ka kai shi banki, sunan wa aka rubuta a magaji?"

"Nawa, ranki ya daɗe. Ni na cike takardar."

"Ka san lambar sirrin katinsa?"

"Na sani. Da sata zan yi, me zai kai ni ga kira? Katin a ƙarƙashin buzunsa yake kwana."

Washegari ta tafi Nasarawan Doya cikin hijabi, ba kaki. Ta fara da Imrana mai caji, wanda wayar Maiwada ke wuni a rumfarsa.

"Wane ne babban ɗan Malam Maiwada?"

Imrana ya yi dariya. "Shamsu mana. Tare muka yi makarantar allo."

Ta wuce wajen Radiyya mai POS, ita ma amsar ke nan. Ta ƙara da cewa ranar da za a ce ta ci amanar Baba Maiwada, ranar za ta rufe rumfa. Zaituna ta duba rasitanta, babu inda kuɗin suka bi ta hannunta.

Sai ta koma kan dattijon.

"Baba, ina ka taɓa zuwa kai kaɗai, aka tambaye ka sunan babban ɗanka?"

Ya daɗe yana shafa gemu. Can ya tuna. Wata biyu da suka wuce wani mai suna Sada ya kafa tebur a bakin kasuwa, yana rubuta sunayen manoma a littafi, wai za a raba taki kyauta. Ya ɗauki hoton katin ɗan ƙasa, ya karɓi lambar waya da sunan banki. Da aka zo kan babban ɗa, layi ya yi tsawo, mutane na jira, Maiwada ya rasa yadda zai yi, sai ya ba da sunan na biyu.

Kwana biyu Zaituna tana bin sawun teburin nan. A Ikara aka ce ya tashi, a Kudan aka ce a duba Likoro. Can ta same shi a gindin mangwaro, da farar shadda da tabarau, manoma sun yi layi. Ta shiga layin kamar kowa, 'yan sanda biyu da ta zo da su suna gefe suna shan rake.

"Malam, sirrin mutane ne a littafin nan. Wa ke taɓa shi?"

"Ni kaɗai, Hajiya. Ko matata ba ta buɗe shi."

"Ko ofishinku?"

"Ban miƙa ba tukuna. Sai ya cika."

"Madalla. Buɗe mini shafin Nasarawan Doya." Ta ajiye katin aikinta a kan teburin.

Ya buɗe. Ga shi nan da jan biro: Maiwada, babban ɗa, Ikrama.

"Duk wanda ya san gidan nan ya san ba haka ba ne," ta ce. "Banki ma ba haka ya rubuta ba. Wuri ɗaya aka yi kuskuren nan a duniya, kuma da bakinka ka ce kai kaɗai ke buɗe shi. Wanda ya kira dattijon nan daga littafinka ya karanta."

A jakarsa aka sami layukan waya goma sha ɗaya cikin kwalin ashana, har da wanda aka yi kiran da shi. Taki kuwa babu shi, babu dalilinsa. Kafin su tafi Zaituna ta juya ga masu layi, ta ce banki ba ya kiran mutum ya nemi lambobinsa, kuma duk mai neman katinka ka fara neman nasa.

An samo kusan rabin kuɗin, sauran sun bi ruwa. Amma da aka gaya wa Maiwada a ofis, ko tambayar nawa ne bai yi ba. Idonsa na kan ƙofar da za a fito da ɗansa.

Shamsuddeen ya fito, ya zo zai durƙusa. Dattijon ya riƙe masa kafaɗa ya hana shi. Ga 'yan sanda, ga mutanen gari da suka biyo shi, ga Zaituna ta sunkuyar da kai kan takardunta don kada ta ƙara masa nauyi.

"A gaban mutane na tozarta ka," in ji Maiwada. "To a gabansu nake roƙonka. Ka yafe mini."