Kujerar Dama

Al'adar wurin ce, wanda ya gyara jirgin sama shi ke zama gefen matuƙi a tashin gwaji. Shi ya sa matuƙin bai yi mamaki ba da ya tarar Baba makanike ya riga shi shiga, yana zaune a kujerar dama. Ƙaramin jirgin horo ne da aka sake wa fiffike. Gobe ɗalibai za su hau, kuma matuƙin ne zai ce gyaran ya yi ko bai yi ba. Tun asuba yake sama, ga duhu ya rufa, idanunsa har yaji suke yi.

"Baba, ba an ce kana asibiti ba?"

"Aikina ne, ɗana. Mu je."

Duk da ƙugin injin, muryar ta shiga kunnensa ras.

Da suka yi nisa, ya saki sitiyari don ya ga halin jirgin. A hankali jirgin ya karkata hagu. Ya daidaita, ya sake saki. Haka dai.

"Baba, tsufa ya fara taɓa aikinka. Hagu yake ja."

"Gyara lafiya lau yake. Nauyinka ne."

Ya fara dariyar gajiya, sai ya tsaya cak. Ya san irin jiragen nan. Ba sa yin haka sai in matuƙi na ciki shi kaɗai a kujerar hagu, kuma Baba ƙato ne.

Ya saci kallo. Bel ɗin kujerar dama a ɗaure yake, lafe jikin kujera, sosonta ko lotsawa bai yi ba.

"Kalli gabanka, ɗana," in ji muryar.