Abin da Hajiya Mairam Take Cewa

Hantsi bai gama ɗagawa ba aka kawo rahoto caji ofis na Haɗeja: an tsinci gawar wata tsohuwa, Hajiya Mairam, a ɗakinta. Maƙwabta ne suka ɓalle kwaɗon ƙofar da suka ji shirun ya yi yawa.

Sufeto Zarami ya tarar da ƙofar gidan cike da jama'a, sai kai-kawo suke yi. Suna ɗaya ne a bakin kowa: Radiyya, ma'aikaciyar da wani kamfanin jinya a gida ya turo wa tsohuwar.

A ɗaki, ɗan marigayiyar, Abdulfattah, ya kasa zama. Daga Kano ya taso.

"Tun da ɓarin jikinta na dama ya shanye, Hausa ta ɓace mata, Yallaɓai, sai Barbarci, yaren gidansu. Shi ya sa na ce a turo mai jin yaren. Ashe makashiya na ɗauko wa uwata."

Sufeton ya tsuguna gefen katifa. Ga kofin ruwa nan cike, har ƙura ta kwanta a samansa, an ajiye shi ta hannun dama.

Da azahar likita ya bugo waya: ƙishirwa ce ta kashe ta. A wannan zafin, ta yi kwanaki ba ta sha abin kirki ba.

A tasha aka kama Radiyya tana saukowa daga motar Guri. Da ƙyar Kofur Bakari ya shigo da ita ofis, don mutanen unguwa sun biyo su har bakin get.

"Ina kika baro tsohuwar?" in ji Sufeton.

"Kwana tara rabona da ita, ranka ya daɗe. Oga Badaru mai kamfaninmu ne ya mayar da ni Guri jinyar wani attajiri. Ya ce zai kawo wata."

"Wa zai shaida?"

"Ku je Gurin ku tambaya."

Guri da nisa, mutanen waje kuwa ba su da niyyar jira. Zarami ya zauna, ya tashi, ya leƙa taga. Daga nan ya aika a kira mai kamfanin.

Badaru ya shigo da farar shadda da fayil a hammata.

"Yallaɓai, yaran yanzu sai addu'a. Jiya ta gudu. Ga sunanta a rajista, kullum tana bakin aiki."

"Kai da kanka ka gan ta?"

"Safe da yamma nake leƙawa, ni ba na wasa da aiki. Ita tana zaune, ni ina yi wa Hajiya sannu."

"Hajiyar tana amsawa?"

"Sosai ma! Ko me na ce, sai ta ce, 'Na ji, na ji.' Har dariya take ba ni."

Sufeton ya ajiye bironsa a hankali.

"Matar da Hausa ta ɓace mata ce ke cewa ta ji? Kofur, shigo da yarinyar nan."

Da ta shigo ya ce wa Badaru, "Maimaita mata, yadda ya fito daga bakin tsohuwar."

Badaru ya ce, "Nji… nji…"

Radiyya ta dafe kai, ta sulale ƙasa.

"Innalillahi! Ruwa take nema! Nji ai ruwa ne, Oga!"

"Haka kakata take kiransa," in ji Zarami. "Da yarinyar nan tana ɗakin, sau ɗaya za a faɗa ta miƙe. Kuma ba za ta ajiye kofi ta hannun da ya mutu ba. Wa ke kulle ƙofar?"

Gumi ya jiƙa shaddar. Fayil ɗin ya zame ya faɗi.

"Ni ne. Ban samu wata ba, na ce bari in riƙa kai mata kunu kafin a samu. In ajiye, in kulle, in tafi. Wallahi na ɗauka amsa mini take yi."

"Ita ta yi maka magana. Kai ne ba ka ji ba," in ji Sufeton.

Kofur ya sa masa ankwa, ya tasa shi gaba. Sufeton ya fita bakin get, ya faɗa wa jama'a gaskiyar magana da bakinsa. Abdulfattah ya sunkuyar da kai, ya kasa kallon Radiyya.

"Za ki iya tafiya gida," in ji Zarami.

Ta share hawaye da gefen hijabi.

"Ranka ya daɗe, in ba a yi mata wanka ba, a roƙar mini su bar ni in shiga. Ni na san gefen da ba ta so a juya ta."