Baƙin Layin Ƙasan Ruwa

Rana na shirin faɗuwa mahaifinsa ya aike shi ya koma wurin iyo ya ɗauko masa agogon auna gudu, wai a kan benci ya manta shi. Ko kallonsa bai yi ba.

"Yi sauri. Ko da yake sauri ba halinka ba ne."

Tarwaɗa ya kama hanya. Abokan iyo ne suka laƙa masa sunan tun yana cin tseren mita hamsin kamar wasa. Yanzu kuwa ya daɗe rabonsa da zuwa na ɗaya, ga shi gobe ne tseren tantancewa. Mutum ɗaya za a ɗauka, sauran kowa ya kama gabansa. Mahaifin nasa shi ne kocinsa, mutumin da ya yi tashe a ruwa a zamaninsa, ya bari farat ɗaya, yanzu ko ƙafa ba ya tsomawa. Dokarsa biyu ce. In ka faɗa ruwa, babu ɗago kai shan iska sai ka taɓa bango. Wanda kuma ya kama igiyar da ke raba layuka, yatsunsa su sha sanda. Tarwaɗa kullum sai ya ɗago sau ɗaya, a nan ake wuce shi. "Huhun kaza," in ji uban, a gaban kowa. Tarwaɗa ya tsani kalmar, wani lokacin har da mai faɗinta.

Maigadi ba ya nan, ƙofa a buɗe. Fitilu a kashe suke, sai ɗan jan haske ta tagogin sama. Ya saba warin maganin ruwa ya tarbe shi tun daga bakin ƙofa. Yau warin tsohuwar rijiya ya ji, laka da gansakuka. Injin tace ruwa ya yi tsit, amma igiyoyin suna rausaya, robobinsu na bugun juna a hankali.

Babu agogo a kan benci.

"Hau," aka ce a bayansa, cikin raɗa.

Muryar ubansa ce sak. Bai waiwaya ba, don tun yana ƙarami ba a waiwayar wannan muryar, bi ake yi. Kafin ya ankara rigarsa tana ƙasa, yana tsaye kan dakalin tashi na layin tsakiya.

"Shirya."

Ya sunkuya, yatsunsa suka kama bakin dakalin. Zuciyarsa tana ce masa Baba yana gida. Jikinsa bai saurara ba.

Usur ya tashi. Ya faɗa.

Ruwan ɗumi ne kamar jikin mutum. Ya dasa ido kan baƙin layin da aka zana a ƙasa, wanda kowane ɗan iyo ke bi don kada ya karkace. Ya buga hannu. Bai taɓa gudu irin wannan ba, ruwan da kansa yake ba shi hanya. Daɗi ya kama shi. Ya ce a ransa yau ba zai ɗago ba, ko zai mutu.

Hannunsa ya san inda bango yake. Ya miƙa shi.

Babu bango.

Ya ƙara bugu. Babu. Layin yana ta tafiya cikin duhu, kuma ya ƙara kauri. Sai ya ga yana kumbura yana sacewa.

Numfashi layin yake yi.

"Kada ka ɗago," aka raɗa masa a kunne, a cikin ruwa. "Saura kaɗan, ɗana."

Ubansa bai taɓa ce masa ɗana ba.

Ƙirjinsa ya ɗauki wuta. Ya yunƙura zai ɗaga kai, wani abu mai santsi ya dafe masa ƙeya. Can gaba, ƙarshen layin ya ɗago daga ƙasa, ya juyo.

Ya yi bismillah a zuci, ya jefa hannu gefe.

Igiya.

Ya damƙe ta. Wani abu ya zabga masa duka a yatsu. Bai saki ba. Aka sake, ya ji ƙashi ya ce ƙas. Ya ja jikinsa, ya ja, har kansa ya fasa ruwa. A tsakiyar kwamin iyon yake, ko rabi bai wuce ba. Ya bi igiyar yana tari har bango, ya fita da rarrafe, ya bar rigar a can.

Ya tarar da uban zaune a tsakar gida. Bai tambayi agogo ba. Hannun da ya kumbura ya kalla, ya daɗe yana kallo.

"Igiya ka kama," ya ce a hankali.

"Baba, ka san da abin da ke cikin ruwan nan?"

"An ce wanda ya jure ya kai ƙarshen layin, babu mai sake wuce shi a ruwa." Ya juya nasa hannun, yatsu biyu a karkace. "Na ɗauka za ka fi ni zuciya."

"Wa ka taɓa gani ya kai ya dawo?"

Uban ya kawar da kai. "Jeka ka kwanta. Da sassafe ne tseren."

Washegari Tarwaɗa ya hau dakali da yatsu a naɗe. Da aka busa usur ya faɗa tare da kowa, amma duk bugu biyu sai ya ɗago ya sha iska son ransa, idonsa a kan uban da ke tsaye a bakin bango. Shi ne ya zo na ƙarshe. Ya fito ya wuce ta gabansa yana ɗigar ruwa.

Bai sake shiga ruwa ba. Har yau suna gida ɗaya, suna cin abinci a faranti dabam-dabam. In uban ya kira shi daga bayansa, ba ya amsawa sai ya juya ya ga fuskar tukuna, kuma ko ya gani, ba kullum yake amsawa ba.