Ragar Mofizul

Da hantsi aka tsamo gawar Haripada Mondol, mai tsaron ƙofar ruwa, daga cikin shinkafar mutane a gefen garin Mongla. Ganuwar ƙasar da ke tare ruwan gishirin teku, wadda ƙofar ke jikinta, ta fashe tun asuba, unguwa guda ta nutse har ƙugu. Kafin Sufeto Shahanara ta 'yan sanda ta iso, an riga an yanke wa mamaci hukunci: wai shi ya bar ƙofa a buɗe. Mutanenmu sun iya shari'a idan wanda ake tuhuma ba zai tashi ya amsa ba.

Matarsa Malati na zaune kan ganuwa, maƙwabta na jefo mata tukwanenta, suna cewa ta bar musu unguwa.

"Inna, ina makullin ƙofar?" in ji Shahanara.

"Yana ƙugunsa, 'yata. Shekara ashirin ko wanka da shi yake yi."

Can aka same shi. Ƙofar kuwa a kulle take ram, ɓarakar tana can gaba da ita. Hannun tsohon na riƙe da bakin buhun yashi. Toshewa ya je yi, ruwa ya ci shi.

Shahanara ta kira Anisur, ɗan kwangilar da ya gyara ganuwar bara.

"Ranki ya daɗe, ni kowa ke zagi, ko akuya ta ɓata. Ga inda na gyara can tsaye. Kuma wa ya taɓa jin ganuwa ta fashe wata yana rabi?"

Gaskiyarsa ne. Ruwan teku ba ya tasowa da ƙarfi sai a tsayuwar wata ko cikarsa, kuma ba a yi shelar guguwa ba. Da ruwa ya janye, ta shiga laka har gwiwa, ta zaro guntun bututun roba, sabo fil. Wani ne ya huda ganuwar don ya saci ruwan gishiri. Masu kiwon jatan lande ne kaɗai ke son sa, su uku ne a wurin. Biyu ta tarar suna kuka, tafkunansu sun tafi da ruwa.

Na ukun, Mofizul Gazi, ya miƙo mata shayi.

"Ka roƙi Haripada ya buɗe maka ƙofa?"

"Kowa ya roƙa, ranki ya daɗe. Ya ce sai an yanke shinkafa. Taurin kai gare shi, Allah sarki."

"Naka jatan landen fa?"

"Allah ya tsare. Raga ta riƙe su."

Ta dubi ragar da ta zagaye tafkin, an ɗaure ta a jikin gora tun daga ƙasa.

"Yaushe ka kafa ta?"

"Da ruwa ya taso."

"Ruwa har ƙugu, ka nutse ka ɗaure gindin gora ɗari? Jiya ka kafa ta, a busasshiyar ƙasa. Ba mai kewaye tafki wata yana rabi, sai wanda ya san abin da ya yi wa ganuwa. Ka tuna da jatan lande, ka manta da mutane."

A bayan bukkarsa aka sami ragowar bututun, bakinsa ya dace da guntun.

Da Shahanara ta koma ta faɗa, maƙwabta suka shiga tsince tukwanen, ba mai iya ɗaga kai. Malati ba ta karɓa ba. Ta dangwali ƙasar gonar shinkafar ta ɗanɗana, ta tofar.

"Shekara ashirin yana hana gishirin nan shigowa," in ji ta. "Ku riƙe makullin. Ku nemo wanda zai yarda ya ɗaura."